Hassan da Hussaini a cibiyar atam: me ya sa ɗaya ke riga ɗaya mutuwa?

Nafisa: Assalamu alaikum malamaina. Tambayata a kan tagwayen madubi ce. An koya mana cewa idan aka ɗauki cibiyar atam aka mayar da furoton ɗinta niyutoron, niyutoron kuma furoton, ƙarfin nukiliya ba ya ganin an canza komai, saboda haka matakan makamashin tagwayen za su zo daidai. To na buɗe teburin kabon-13 da naitirojin-13. Matakin sama na farko a kabon yana kan MeV 3.089 (MeV ma'aunin makamashi ne, MeV ɗaya keV dubu ne), na naitirojin yana kan 2.365, tazarar ta haura keV 700. Tsawon ransu kuwa ba a magana: na kabon kamar femtosakan ɗaya da rabi (femtosakan ɗaya 10⁻¹⁵ ne na daƙiƙa), na naitirojin ma ba a rubuta lokaci ba, sai faɗi aka sa, keV 32. Ina madubin yake a nan?

Malam Dung: Wa alaikumus salam Malama Nafisa. Kin fara da tagwayen da suka fi kowa rashin kama ne. Koma litiyam-7 da beriliyam-7 tukuna. Dukansu matakin ƙasa 3/2 ne mai alamar ragi, matakin sama na farko 1/2 mai alamar ragi, ɗaya a keV 478 ɗaya a 429. Boron-11 da kabon-11 ma haka, 2.125 da 2.000. Jerin juyi (su 3/2 da 1/2) da fariti (alamar ƙari ko ragi) iri ɗaya, makamashi ya ɗan goce. Madubin ke nan. Heisenberg ya kawo tunanin a 1932, shekarar da Chadwick ya gano niyutoron, Wigner kuma ya shimfiɗa shi sosai a 1937. Babu wanda ya ce lambobin za su faɗa a kan juna, domin furoton yana da caji, niyutoron ba shi da shi, kuma niyutoron ya fi nauyi da MeV 1.293.

Nafisa: Na yarda da keV 50 ko 100, Malam. Amma 700?

Dakta Bashir: Amsar tana cikin lamba biyu da ba ki kawo ba. Kafin a cire niyutoron daga kabon-13 sai an biya MeV 4.946. Matakin 3.089 yana ƙasa da wannan da kusan MeV biyu, wato niyutoron ɗin yana cikin ɗaki an rufe ƙofa. Cire furoton daga naitirojin-13 kuwa MeV 1.943 ne kawai. Matakin 2.365 ya haye dokin ƙofa da kamar keV 420. Furoton ɗin a waje yake, katangar Kulom, wato ta ƙarfin lantarki da ke tsakanin masu caji, ce kaɗai ke riƙe da shi na ɗan lokaci.

Sai ki duba irin matakin. 1/2 ne mai alamar ƙari, ƙwaya ɗaya a zagayen s, wato wanda ba shi da juyin kewaya cibiya, a kan kabon-12. Zagayen s ba shi da katangar juyawa, don haka idan ɗaurin ya yi sako-sako igiyar furoton, wato yadda yake bazuwa a fili, tana miƙe ƙafa nesa da cibiya. Da ya yi nisa da sauran furoton shida, turin Kulom da yake sha ya ragu, sai matakin ya sauko. Ana kiran abin gocewar Thomas da Ehrman, Ehrman ya rubuta a 1951, Thomas a 1952, kuma a kan waɗannan tagwayen naki ne suka yi aikin. Hujjar cewa laifin zagayen s ne tana cikin teburin da ke gabanki: matakin 5/2 mai ƙari yana 3.854 a kabon, 3.547 a naitirojin, gocewar keV 300 ce kawai. Na 3/2 mai ragi 3.684 da 3.502, bai kai 200 ba. Wanda ba shi da katanga shi ya fi zamewa.

Auwal: Dakta, a yi mana bayanin faɗin nan da aka sa a wurin lokaci.

Dakta Bashir: Abu ɗaya ne aka auna da mudu biyu. Faɗi sau matsakaicin rai yana ba da ħ, wato 6.58 × 10⁻²² MeV·daƙiƙa. Raba shi da MeV 0.032, za ka samu kamar 2 × 10⁻²⁰ na daƙiƙa. Babu agogon da zai kama wannan. Abin da ake yi shi ne a harba furoton a kan kabon-12, a riƙa ƙara makamashi kaɗan kaɗan, a ga tudun da ke tashi a wajen keV 457 na ɗakin gwaji, a auna faɗinsa. Na kabon-13 kuwa, juya lissafin: femtosakan 1.5 ya ba da faɗin da bai kai rabin eV ɗaya ba, wanda babu na'urar gano gama (haske mai ƙarfi da cibiya ke saki), wato ditekta, da za ta gan shi. Shi ya sa ake rubuta lokaci a can, faɗi a nan.

Malama Hauwa: Ina so in tsaya a nan, domin nan ne ɗalibai ke faɗawa rami duk shekara. Nafisa, kwatanta tsawon rai da tsawon rai kai tsaye kuskure ne, ko da tagwayen duka a ɗaure suke. Matakin kabon hanya ɗaya gare shi, ya saki gama. Na naitirojin hanya biyu gare shi, gama ko ya tofar da furoton, kuma ta furoton ta fi sauri sau dubbai masu yawa. Idan kina neman madubi, ki ware rabon gama kaɗai. A naitirojin-13 faɗin gama kamar rabin eV ne. Kin ga yanzu sun zo unguwa ɗaya da na kabon. Bambancin sau dubu 70 da ya tsorata ki duk na ƙofar furoton ne.

Bayan haka sai ki cire tasirin makamashin gama. Saurin sauyi na E1 da M1 (nau'o'in sakin gama ne, E na lantarki, M na maganaɗisu) yana tafiya da makamashi sau kansa uku, na E2 sau kansa biyar. Abin da ya rage bayan an raba, wato B, shi ne ke ɗauke da labarin tsarin cibiya, shi ake ɗorawa a madubi.

Auwal: A ba mu misali da lamba, Malama.

Malama Hauwa: Oksijin-17 da fulorin-17. Dukansu oksijin-16 ne da ƙwaya ɗaya a kai. Matakin 1/2 yana sauka zuwa 5/2 ta E2. A oksijin gamar keV 871 ce, rabin rai pikosakan 179 (pikosakan ɗaya femtosakan dubu ne). A fulorin keV 495, rabin rai pikosakan 286. Mai kallo daga nesa zai ce ai sun yi kusa, madubi ya yi aiki. Ka raba 871 da 495, ka samu 1.76, ka ninka shi sau kansa biyar, ya kusa 17. Da B ɗinsu ɗaya ne, da fulorin zai kai nanosakan 3 kafin rabi ya sauka. Bai kai ko 0.3 ba. Ke nan B na fulorin ya ninka na oksijin sau goma da 'yan kai, kamar 66 da 6.3 a ma'aunin e²fm⁴ (e cajin furoton, fm kuma 10⁻¹⁵ na mita). Lambobin da suka yi kama su ne suka fi ɓoye bambanci. Kama da wane ba wane ba ne.

Auwal: To ai madubin ya fashe ke nan, sau goma fa.

Malama Hauwa: Bai fashe ba. E2 caji yake gani. A fulorin ƙwayar da ke tsalle furoton ce mai cikakken caji. A oksijin niyutoron ne, wanda ba ya haskaka komai da kansa, sai dai ya ja furoton na cikin oksijin-16 su ɗan karkace, wannan ne ake kira cajin aro, kusan rabin e. Igiyar iri ɗaya ce, fitilar da ake haska ta da ita ce daban. Ƙari a kan haka, cire furoton daga fulorin-17 keV 600 ne, don haka matakin 495 da keV 105 kacal yake rataye, igiyarsa ta bazu waje, E2 kuma nisa sau nisa yake aunawa. Abu biyu suka haɗu.

Malam Gyang: Ni fa a ganina duk wannan surutun karyewar madubi da ake bugawa a mujallu ƙarin gishiri ne. Kulom ne da dokin ƙofa, shi ke nan. A ba ɗalibi oksijin-15 da naitirojin-15 ya gani da idonsa. Iyakar makamashin fositoron MeV 1.732. A ƙara 1.022 na nauyin ilektoron biyu, ya zama 2.754. A ƙara 0.782, bambancin niyutoron da atam ɗin haidurojin, ya zama 3.536. Wannan shi ne bambancin ɗaurin tagwayen. A daidaita shi da lissafin ƙwallo mai caji, kashi uku cikin biyar sau 1.44 sau 14 a raba da R, radiyos ɗin cibiya, sai R ya fito kamar fm 3.4. Girman cibiya ya fito daga madubi da Kulom kawai, ba tare da an taɓa ƙarfin nukiliya ba. Inda ɗalibai ke ɓata shi: su manta da 0.782 ɗin, ko su ƙara 1.022 sau biyu idan teburin ya riga ya ba su jimlar makamashin kamun ilektoron, wato Q.

Farfesa: Malam Gyang, lissafinka daidai ne amma ka yi tuya ka manta da albasa. R ɗin da ka samu ai ba ka gwada shi da komai ba, kai ka bar shi ya zama abin da ya ga dama. Nolen da Schiffer a 1969 sun yi akasin haka: suka ɗauki girman cibiya da aka riga aka auna, suka lissafa Kulom da duk gyare-gyarensa, sai lissafin ya riƙa gazawa da 'yan kashi cikin ɗari, kuma kullum ta gefe ɗaya. Kuskuren awo ba ya karkata gefe ɗaya a kowace cibiya.

Mafi tsafta shi ne tiritiyam da hiliyam-3, inda ƙwaya uku ce kawai kuma ana warware lissafin har ƙarshe. Ɗaurin tiritiyam MeV 8.482, na hiliyam-3 7.718, bambanci keV 764. Kulom yana biyan kamar 650. A ƙara ƙananan abubuwa na maganaɗisu da bambancin nauyi, har yanzu da saura na 'yan gomomin keV, kuma ba ya rufuwa sai an yarda niyutoron biyu sun ɗan fi furoton biyu jan juna. Gwajin karo ma haka ya nuna: tsawon warwatsuwa na furoton biyu bayan an cire Kulom kamar fm 17.3 ne da alamar ragi, na niyutoron biyu kusan 18.9. Tushen abin yana can ƙasa, a cikin kwak, ƙwayoyin da suka haɗa furoton da niyutoron, inda kwak na ƙasa ya fi kwak na sama nauyi. Ƙarami ne, amma akwai shi.

Malam Gyang: Ranka ya daɗe, na karɓa a kan ƙwaya uku. Amma lambar niyutoron biyun nan ba a taɓa samunta ta harba niyutoron a kan niyutoron ba, daga gefe ake ciro ta, kuma gwaje-gwajen fasa diyutoron sun taɓa saɓa wa juna. Abin da nake ƙi shi ne a ga gocewar keV 50 a cibiya mai ƙwaya 50 a ce an ga sabon ƙarfi.

Farfesa: A nan muna tare rabi. A yankin cibiyoyin da ke cika zagayen f7/2, irin su kuromiyam-49 da manganis-49, bambancin matakai yana hawa yana sauka da juyi, cikin keV 100 ko ƙasa. Mafi yawansa ana gane shi: idan cibiya ta yi saurin juyawa sai ma'aurata biyu su rabu su jera juyinsu, in furoton ne suka rabu sun nisanci juna, Kulom ya ragu, tagwayensa kuma niyutoron ne suka rabu, babu abin da ya ragu. Har ana amfani da wannan a gane wace ƙwaya ce ta fara rabuwa. Sai dai masu lissafin bawo, wato na jerin zagayen ƙwayoyi a cibiya, suna ƙara wani ɗan gyara na hannu kafin layinsu ya bi awo, kuma asalin wannan ƙarin har yau ana jayayya a kansa. Wannan jayayyar halal ce.

Nafisa: Na fahimci B yanzu. Na gwada da litiyam-7 da beriliyam-7. Matsakaicin rai femtosakan 105 da kamar 190. M1 ne, 478 bisa 429 sau kansa uku ya ba ni 1.38, ke nan ina sa ran 145 ga beriliyam. Saura bambancin kamar kashi 30 cikin ɗari. Amma ta yaya ma ake auna femtosakan 105? Haske kansa bai wuce 'yan gomomin maikuromita ba a wannan lokacin.

Malam Dung: Madalla, lissafinki ya yi. Kafin ki ɗora komai a kan kashi 30 ɗin ki duba kuskuren awon beriliyam, ya haura kashi 10 cikin ɗari, sannan M1 ma ba a sa ran ya zo daidai cif, domin maganaɗisun furoton 2.79 ne na niyutoron 1.91 da ragi.

Awon kuwa da Dofla ake yi, wato gocewar makamashin haske idan mai sakinsa yana gudu. Cibiyar da aka haifa a karo tana gudu. Idan ta saki gama tana cikin gudu, makamashin da ditekta ke gani yana gocewa da β, wato gudunta a raba da gudun haske, sau kosain na kusurwa. Sai a sa mata birki da aka san ƙarfinsa: a manna fallen zinariya ko tantalam a bayan tagit, wato abin da ake harbi, cibiyar ta tsaya cikinsa a kamar pikosakan ɗaya ko ƙasa. Idan ranta ya fi lokacin birki gajarta, duk gamar za ta fito a goce. Idan ya fi tsawo, za ta fito a inda take, siririya. Tsakanin biyun kuma tudun yana fitowa da jela, siffar jelar ce agogon. Ana sa ditekta a gaba da baya, a ga jelar ta juya gefe, don a tabbatar ba wani layi ne ya laɓe a wurin ba.

Injiniya Sadiq: Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarfin birkin. Duk kuskuren da ke cikinsa yana shiga tsawon rai kai tsaye, kuma a ƙaramin gudu, inda cibiya ke karo da atam ɗin falle tana karkacewa, teburan da ake dogara da su kan yi kuskuren kashi 10 ko fiye. Na biyu, manni. Idan akwai 'yar tazara tsakanin tagit da falle, ko da ta maikuromita ɗaya ce, cibiyar za ta yi tafiya babu birki, sai rai ya fito gajere fiye da gaskiya. Na uku, tagit ya sha iska ya yi tsatsa, kaurinsa da nauyinsa sun canza ba a sani ba.

Wannan ne ya sa awon tagwaye ya fi daraja idan an haifi duka biyun a gwaji ɗaya, falle ɗaya, gudu kusan ɗaya. Kuskuren birki yana soke kansa a rabo. Wanda ya ɗauko rai ɗaya daga aikin shekarun 1970 ɗaya daga na bana ya raba, ya ce ya ga karyewar kashi 15, ni ba zan saya ba.

Auwal: Na pikosakan fa, irin na oksijin-17?

Injiniya Sadiq: Wannan na falanja ne. Falle biyu a miƙe kamar fatar ganga, tagit siriri da mai tsayarwa, a riƙa canza tazararsu. Cibiya mai gudun kashi 3 cikin ɗari na haske tana cin maikuromita 9 a pikosakan ɗaya. Wadda ta saki gama a hanya tana ba da tudu a goce, keV 30 ga gamar keV 1000 idan ditekta na gaba sosai, wadda ta kai bango ta tsaya tana ba da tudu a wurinsa. Ditektan jamaniyam mai tsarki yana raba keV 2 a 1332, don haka tudun biyu a rabe suke sarai. A auna rabonsu a tazara shida ko takwas, rai ya fito ba tare da an san ƙarfin birki ba.

Matsalolinsa na hannu ne. Ƙura ɗaya ko ƙunci a falle ya hana ka kusantar da su ƙasa da maikuromita 10 zuwa 20, wannan ne ke yanke mafi gajartar rai da za ka iya gani. Bim, wato ƙwayoyin da ake harbowa, yana dumama tagit ya kumbura, tazara ta canza ana cikin awo, shi ya sa ake sa ido a kan kafasitans tsakanin fallayen, mota mai fiyezo tana gyarawa. Sai babbar matsala, ciyarwa daga sama. Matakin da kake aunawa ba a lokaci ɗaya ake cika shi ba, wasu suna zubowa daga matakai na sama masu jinkiri, sai ka auna jinkirinsu ka ɗora masa. Maganinta a sa ƙofa a kan gocaccen ɓangaren gamar da ke shiga matakin kai tsaye, a duba wadda ke fita. Ƙididdiga za ta ragu sosai, amma abin da ya rage naka ne.

Daga pikosakan gomomi zuwa sama kuma agogo na gaske ya fara aiki, kiristal na lantanam buromaid biyu, ɗaya ya fara ɗaya ya tsayar.

Malam Gyang: Duk wannan sai a manyan ɗakunan gwaji irin su Legnaro a Italiya ko GANIL a Faransa ko iThemba a Afirka ta Kudu. Mu da ke Jos me za mu nuna wa ɗalibi?

Dakta Bashir: Akwai abin nunawa, kuma da wannan matakin keV 478 ɗin na Nafisa. Hanya biyu ake isa gare shi. Ta farko, beriliyam-7 da hasken sararin samaniya ke ƙerawa a sama, ruwan sama ya sauko da shi. Rabin ransa kwana 53, yana kama ilektoron ya zama litiyam-7, kuma kamar kashi 10 cikin ɗari na faɗawa matakin 478. Litiyam ɗin kusan a tsaye yake, turin niyutirinon da ke fita a kamun kamar eV 11 ne kawai, sai layin ya fito siriri. Ta biyu, boron-10 ya haɗiye niyutoron mai sanyi ya fashe zuwa alfa da litiyam-7, kashi 94 cikin ɗari a matakin sama, litiyam ɗin na gudu da MeV 0.84. β ya zama 0.016, gocewa keV 7.6 kowane gefe, tudun ya zama faffaɗa mai kusan keV 15 kamar akwati. Gama ɗaya, siffa biyu. Da ran matakin ya kai pikosakan goma, da litiyam ya tsaya kafin ya saki, da layin boron ma siriri ne. Faɗin da ido ke gani shi ne shaidar femtosakan 105. Kuma kafaɗun akwatin suna zagayewa gwargwadon abin da boron ɗin ke ciki, tunda birki ya bambanta.

Na ruwan sama damina ce lokacinsa: a tara laka daga indararo ko a tace ruwa mai yawa, a busar, a ƙirga, a sake ƙirgawa bayan wata biyu a ga ya ragu da rabi. Na boron yana buƙatar tushen niyutoron kamar amerisiyam da beriliyam a cikin kakin farafin, da boris, wato gishirin boron, a gaban ditekta, da lasisin NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya ta Najeriya. Shi kansa tushen yana ba da kyauta: gamar MeV 4.44 ta kabon-12, ita ma a faɗaɗe saboda dalili ɗaya.

Malama Hauwa: A ƙara gargaɗi, da ditektan sodiyam ayodaid ba za a ga ko ɗaya ba. Rabewarsa kashi 7 cikin ɗari ne a keV 662, a wajen 478 tudun ya kai keV 35 zuwa 40, ya haɗiye 511. A Jos kuma abin ya fi muni saboda ƙasar kuza. Monazait da ke cikin tarkacen wankin kuza a Bukuru da kewaye yana da toriyam, jikokinsa kuma suna da layi a 463 daga aktiniyam-228 da 511 daga taliyam-208, sun sa 478 a tsakiya. Lakar indararo tana iya ɗauke da wannan ƙurar. Dole jamaniyam da garkuwar dalma, da awon bango na tsawon lokaci ɗaya da na samfur. Kuma boris sodiyam ne a cikinsa, shi ma idan ya kama niyutoron yana ba da 472, daidai kan kafaɗar hagu ta akwatin. A yi amfani da asid na boron maimakonsa.

Injiniya Sadiq: Jamaniyam kuma sai ruwan naitirojin ba yankewa. Idan ya ɗumama da babban bolteji a kansa, firi'amf ya tafi. Idan ya fara ɗumama, a kashe bolteji, a bar shi ya kai zafin ɗaki gaba ɗaya kafin a sake sanyaya shi, kada a cika shi a rabin hanya. Wanda ba shi da wannan ya nemi haɗin gwiwa da CERT, cibiyar binciken makamashi ta Zariya, inda riyakta NIRR-1 take tun 2004 kuma ƙirgar gama aikinsu ne na kullum.

Ga mai sodiyam ayodaid biyu kawai, akwai gwajin agogo da zai yi. Bariyam-133: gamar 356 ta fara, ta 81 ta tsayar, rabin rai nanosakan 6.3. Kobal-57: 122 ta fara, 14.4 ta tsayar, nanosakan 98, amma 14.4 na son kiristal mai siririyar taga. A fara da kobal-60 don a ga faɗin agogon kansa, tunda matakinsa bai kai pikosakan ɗaya ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a daidaita tagar makamashi a kan kobal-60 a 1173 da 1332, sannan a koma 81 ba a sake duba tafiyar lokaci ba. Ƙaramin bugu yana haye ma'auni a makare, sai tudun ya matsa, a ɗauka rai ne.

Nafisa: Farfesa, akwai inda matakin ƙasa kansa ya saɓa tsakanin tagwaye?

Farfesa: Akwai. Naitirojin-16 yana da 2 mai ragi a ƙasa, fulorin-16 yana da 0 mai ragi. Amma fulorin-16 ba a ɗaure yake ba ko a matakin ƙasa, kuma 0 ɗin na zagayen s ne, don haka labarin Dakta Bashir ne ya maimaita kansa. Wanda ya ja hankali shi ne sitirontiyam-73 da buromin-73, aikin da aka yi a Jami'ar Jihar Michigan aka buga a 2020. Sitirontiyam ya fito da 5/2, buromin kuma 1/2 aka san shi da shi, kuma duka biyun a ɗaure suke. Sai dai a duba buromin da kyau: yana da mataki keV 27 kacal a sama da ƙasa. Gocewar da ba ta kai ta litiyam da beriliyam ba ta isa ta juya jerin. Kuma juyin sitirontiyam ba kai tsaye aka auna shi ba, daga yadda furoton ke fita bayan ruɓewar beta aka ciro shi.

Malam Gyang: Ka ga abin da nake faɗa ke nan, ranka ya daɗe. KeV 27.

Farfesa: A wannan na ba ka. Wanda ba zan ba ka ba shi ne E1. Ƙa'ida ta ce ƙarfin E1 a tagwaye ɗaya ne, babu zancen cajin aro irin na E2. Nafisa, koma kan kabon-13 da naitirojin-13 ki yi abin da Malama Hauwa ta koya miki.

Nafisa: Faɗin gama kamar eV 0.43 da 0.5. Na raba kowanne da makamashinsa sau kansa uku, 29.5 da 13.2. Na naitirojin ya ninka na kabon sau biyu da rabi.

Malam Gyang: Jelar igiyar furoton ce, E1 ma nisa yake aunawa.

Dakta Bashir: Jelar tana ciki, amma ba ita kaɗai ba. Ƙarfin E1 a nan ragowar gudummawa biyu ne masu soke juna, ta ƙwayar waje da ta kabon-12 idan ya motsa. In abu biyu manya suna soke juna, ɗan canji a ɗaya yana ninka ragowar. Auwal, kai da ke da manhajar rijiyar Woods da Saxon, wadda ke kwaikwayon jan da cibiya ke yi wa ƙwaya, ka daidaita zurfinta har matakin s ya zauna a MeV 1.86 ƙasa da ƙofa ga niyutoron, ka kunna Kulom ba tare da ka taɓa zurfin ba, ka turo mana inda matakin furoton ya faɗa da faɗinsa. Ka kai iyakar lissafin fm 50 aƙalla, in ka yanke a 15 jelar za ta ɓace maka.

Auwal: To Dakta. Radiyos 1.25 zan sa ko in bi na Malam Gyang?

Dakta Bashir: Sa 1.25 da kaurin baki 0.65, sannan ka sake da 1.15 mu ga nawa gocewar ta motsa.